Mazagin Wando

Shafi na 14

Na ga saƙonninku. Masu cewa na kai Tsahara ƙauye na manta da ita, ban manta ba. Ku karanta.

*

Tun da aka kai Tsahara goyon ciki gidan iyayenta, can wani ƙauye bayan Dogarawa, Labo bai sake sa ta a ido ba. Cikin fari ne. Miji ba ya tambaya, ba ya leƙe, sai dai wata rana a aiko a ce masa an sauka.

Da hantsin ranar yana kwance ƙarƙashin kamyon Alhaji Maikuɗi, babbar motar da yake tuƙawa, a layin lodi na bakin izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, yana duba wata taya mai sacewa. Sai ya ji an shuri tafin ƙafarsa.

"Hito, direban ƙarya."

Illo ne, taubashin Tsahara. Ya jingine mobilet ɗinsa, wani ƙaramin babur, jikin mota, ƙafafunsa duk jan laka. Bakinsa na wasa, idonsa kuwa ba ya yi.

Labo ya fito yana goge hannu.

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Aiko ni anka yi."

"Wa?"

"Tsohuwa Takama."

Takama kakar Tsahara ce, ita ce kuma ungozomar ƙauyen. Labo ya tsaya da tsumman a hannu.

"An sauka?"

Illo ya dubi layin motoci, ya dubi hayaƙin izin, ya rage murya.

"Tac ce ka ba ni mazagin wandonka."

Labo ya fara dariya, sai ya katse ta. Ya san abin. Yana yaro a Bazaga ya ga an yi. Ba a neman mazagin miji sai naƙuda ta ƙi. A jiƙa shi a ƙwarya a ba mace ta sha, wai in akwai wani ƙulli tsakaninta da mijin ya kwance.

"Tun yaushe?"

"Ni namiji na, mi nis sani?"

"Illo."

"Tun shekaranjiya nike ganin mata na shiga suna hita." Ya sosa ƙeya. "Amma ko tari ba ta yi ba. Kowa yabonta shikai. An ce ɗiyar Delu ta iya kunya."

"Sai mi kuma?"

"An aika kiran wanzami. In mazagi bai yi ba, gishiri za a yanke mata."

Labo ya jefar da tsumman. Yayarsa Asabe ta faɗo masa a rai. Ita ma gishirin aka yanke mata a haihuwar fari. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. Tabarmarta daban, ƙwaryarta daban, har yau tana ɗakin baya a gidan tsohonsu.

Illo ya miƙo hannu.

"Kwance mu gani, rana na yi."

Labo ya ɗaga riga. Wandon kaki ne irin na direbobi, da bel na fata.

"To," in ji Illo, "bel za mu jiƙa? Ai sai ɗan shi hito da hular jandarma. Mu tahi gida ka ɗauko na wandon Jumma'a."

"Ɗora mobilet ɗinka baya."

"Baya ina?"

"Bayan mota."

"Kai, ba kai anka ce a kawo ba. Kuma layin hwa? In ka hita sai gobe. Alhaji na cire ka."

"Shi cire."

Ya hau ya tada mota. Ya ja da baya, ya fita daga layi babu ko buhu guda, sauran direbobi na binsa da kallo.

*

Daga gudro, titin kwalta, suka sauka hanyar jan ƙasa. Damina ta yi nisa, gero ya kai kafaɗa, hadari na ta haɗuwa can wajen arewa. Sun ratsa wani kwari mai yashi, ruwansa iya idon sawu. Illo na ta surutu don kar a yi shiru. Labo ba ya jinsa.

Lissafin kansa yake yi.

Duk watannin nan shi da Tsahara ba wanda ya taɓa cewa "ciki". Ya ga zanenta na hawa sama, ya kau da ido. In ya dawo daga Konni sai ya ajiye mata tsire da lemo a bakin tabarma, ya fita, kamar wani ne ya ajiye. Ita kuma ta ci, ta ɓoye takardar tsiren. A ganinsa kulawa ke nan. Haka ya ga ubansa ya yi, haka abokansa ke yi, har suna tsokanar wanda ya raka matarsa awo.

Akwai wata rana da ta dawo daga matanite, asibitin awon ciki. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba ta shiga ba, ba ta fita ba, tana murza bakin mayafi. Ya ga maganar a bakinta. Kunya ta kama shi, ya miƙa hannu ya kunna rediyo.

Ta ɗan tsaya, sannan ta wuce madafa.

"Ka ji abin da nic ce?" in ji Illo.

"A'a."

"Nic ce in Malam ya tambaya, ba ni nik kawo ka ba. Kai kak kawo ni."

*

Malam Bawa, mahaifin Tsahara, na zaune gindin bedi a ƙofar gida, carbi a hannu. Ya ga kamyo ya tsaya, ya ga surukinsa ya sauko. Labo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa.

Suka gaisa. Gaisuwar ta yi tsawo, aka tambayi aiki, aka tambayi ruwa, aka tambayi mutanen Malbaza. Ba wanda ya ambaci abin da ke cikin gida.

Can Malam Bawa ya ce, yana kallon carbinsa, "Abu anka aika ka bada."

"Haka na, Baba."

"To?"

"Na zo da kaina."

"Sha'anin mata na. Ni da nike uban gidan, ga ni waje."

Kafin Labo ya amsa, sai ga Takama ta fito daga zaure tana dogara sanda, hannuwanta na ƙyallin man shanu. Ita kaɗai ce a gidan ke da bakin wasa da shi.

"A'a, angona da kanai. Kishi ya kawo ka, ko tsoro?"

"Ina kwana, Kaka."

"Kwana na wurin masu barci. Kawo mazagin."

"Babu."

Ta dubi ƙugunsa, ta ga bel, ta taɓe baki.

"Kun gani. Ku ɗaure ciki da hwatar saniya, ku ce ku 'yan birni na."

Daga bayan darnin kara wata murya ta fito, a shaƙe, irin ta wadda ba ta runtsa ba. Delu ce, uwar Tsahara. Tun da aka ɗaura aure ba ta taɓa yi wa Labo magana kai tsaye ba, shi ma bai taɓa ganin fuskarta sosai ba. In ya shigo ta wannan ƙofa, ta fita ta waccan.

"Inna, ki ce ma baƙo shi koma bakin aikinai. Mutane na kallo."

"Ka ji," in ji Takama.

Labo ya yi magana da ƙasa.

"Kaka, ki ce ma Inna na zo da mota."

"Inna, ki ce mishi ba mu yi odar siminti ba," in ji Delu.

Illo ya tuntsire, ya haɗiye dariyar da ya ga ba wanda ya taya shi.

Takama ta daɗe tana kallon Labo. Sannan ta ce, "Tunda ka zo, bakinka ya hi mazagi. Zagayo bayan ɗaki. Ta hwaɗi abin da tay yi maka, kai kuma ka ce ka yahe. Sau da yawa shi ka riƙe ɗa."

"Ba ta yi min komi ba."

"Kowace haka mijinta ka cewa. Taho."

*

Ba a bi da shi ta cikin gida ba. Ta gona aka zagaya da shi, tsakanin gero da bangon ɗakin. Ɗakin laka ne, da 'yar taga sama wadda aka toshe da tsumma. Takama ta koma ciki, ta zare tsumman da sandarta. Warin hayaƙin magani ya fito.

Labo ya tsaya, goshinsa kusa da bango. Bai san yadda ake fara irin wannan magana ba.

Ya ji numfashi. Gajere, gajere, kamar na wadda ta yi gudu.

"Kai na?"

Da ƙyar ya gane muryar Tsahara ce.

"Ni na."

"An ce in hwaɗi laihina."

"Ba ki da laihi."

"Ina da."

Ya ji ƙarar igiyar da aka ɗaura a azara, wadda take riƙewa in ciwon ya taso. Igiyar ta yi kuka, ita ba ta yi ba. Ya dafa bangon da tafin hannu har abin ya lafa.

"Ran da nit tahi awo," ta ce, "madam ta taɓa ni ta daɗe. Ta kira wata, ita ma ta taɓa."

"Ina jin ki."

"Sunka ce ba daidai shike kwance ba. A gicciye shike."

Labo ya rufe ido.

"Sunka ce kar in tahi ƙauye. In ya tashi, gidan likita babba. Sunka ce in zo da kai su gaya maka."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Na zo."

Bai tambaye ta yaushe ba. Ya sani.

"Da wane baki zan ce maka?" ta ce. "Ko Inna ban iya gaya ma ba. Nic ce ƙila shi juya da kanai. Ina ta roƙon Allah shi juya."

"Tsahara."

"Ka yahe min."

"Ni za ki yahe ma."

"A'a, ka hwaɗi yadda sunka ce. Suna saurare."

Ya jingina goshi da bango.

"Na yahe."

A ciki wata mata ta ce alhamdu lillahi. Aka jira. Gero na kaɗawa a bayansa, iska ta fara sanyi. Ba abin da ya faru, sai igiyar da ta sake yin kuka.

Labo ya bar bangon. Wannan karon bai bi ta gona ba.

*

Ta zaure ya shiga. Malam Bawa ya ɗago kai, bai hana shi ba, bai kuma ce ya shiga ba. Matan da ke tsakar gida suka watse, wannan ta ja mayafi, waccan ta faɗa madafa. A gefen rumbu wanzami na tsugune, ya iso ke nan, ya buɗe zabira yana wasa aska a tafin hannu.

Delu na tsaye a ƙofar ɗakin naƙuda. Da ta ga Labo sai ta juya masa baya, ta ja zane ta rufe kai. Amma ba ta matsa ba.

Ya durƙusa a bayanta.

"Inna."

Tsakar gidan ta yi tsit. Ba a taɓa jin ya kira ta ba.

"Inna, kin ji abin da tac ce."

Delu ta yi magana da ƙyauren ɗaki.

"Matan likita kowa haka suka ce mai. Ɗiyana duka cikin ɗakin ga nih haihe su. Ba wanda yaj ji muryata."

"Na sani."

"Yarinya ta yi haƙuri, ta rufa muna asiri, kai ka zo ka ɗora ta bisa motar siminti gari na kallo."

"Su kalla."

"Kai ba ka da kunya?"

"Ina da ita, Inna. Ita tak kawo mu nan."

Kafaɗunta suka motsa. Da ta sake magana, muryar ta sauka.

"Ƙanwata Saratu anka ɗauka haka. Cikin amalanke. Anka ce likita, likita. Sunka tsaga ta. A likkahwani anka maido muna ita." Ta ja numfashi. "Wagga ita ɗai ta gare ni mace. In za ta tahi, ta tahi ɗakin uwatta, ina riƙe da kanta."

Labo ya juya. Ya dubi wanzami, ya dubi askar.

"Ni kuma tawa yayar gida anka bar ta," ya ce. "Anka yanke mata gishiri. Tana nan da rai. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. In kin gan ta, Inna, ba ki cewa an bar ta ɗakin uwatta."

Wanzami ya daina wasa askar.

"Ni kira na anka yi," ya ce.

"Ba da kai nike ba, Baba."

Delu ba ta juyo ba. "In ta cika bisa hanya hwa?"

"In kwana ya ƙare, shi iske mu muna tahiya."

Sai ga sandar Takama ta leƙo ta gefen ƙofa, ta ɗan ture ƙafar Delu. Tsohuwar ta fito, ta zauna a dokin ƙofa. Wasan ya bar fuskarta.

"Delu, matsa."

"Inna, ke ma?"

"Tun jiya nike neman kan ɗan ga inda kai ka zama. Ban same shi ba. Shina nan wajen haƙarƙari, awa ƙwallon goruba." Ta nuna gefen cikinta. "Na shahwa mai, na girgiza, na yi turare. Nic ce tsuhwa ce ta ɓata min hannu. Ashe ba hannuna na ba."

"Gishirin hwa?"

"Aska ba ta juya ɗa."

Can sai aka ji jan wani abu a ƙasa. Malam Bawa ne ya shigo, yana jan katifar ɗakinsa da hannu guda, carbin na ɗaya hannun. Bai dubi kowa ba. Ya wuce da ita ta zaure, ya yi wajen mota.

Delu ta matsa.

*

Ɗakin duhu ne da hayaƙi. Tsahara na durƙushe, hannu biyu a igiya, leɓɓanta sun fashe saboda cizo. Da ta gan shi sai ta nemi jan zane ta rufe fuska. Hannun bai kai ba.

"Hita," ta ce. "Don Allah. Kar ka gan ni haka."

"Na gani."

Ya ɓamɓare yatsunta daga igiyar ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannunta ya saluɓe. Ya ɗauke ta, jikinta zafi kamar murhu, ya fito da ita tsakar rana, matan gida na leƙe ta bayan darni.

A kunnenta ya ce, "In ya taso, ki yi kuka."

"Mutane."

"Mota na da ƙara. Ba mai ji."

Bayan mota duk ƙurar siminti ne, kuma hadari ya taso. Suka naɗe katifar suka cusa ta gaba, aka kwantar da Tsahara a kai, kanta wajen cinyar Labo. Takama ta dubi tsawon matakin motar ta girgiza kai.

"Ni da wagga sai a lahira. Delu, hau."

Delu ta tsaya. Wuri ɗaya ne ya rage, kuma a gaba yake, ɗaki guda da surukinta. Illo ya haɗa hannuwa ya yi mata mataki. Ta taka, ta hau, ta tattara ƙafafun ɗiyarta a cinya, ta juya fuska wajen taga.

"Galmi," in ji Malam Bawa daga ƙasa. Can ne babban asibiti yake. "Kar ka tsaya Dogarawa."

Illo ya haye baya. Labo ya ja mota.

Ba ya iya gudu. Kowane rami sai ya ji shi a jikinta. Ya riƙe sitiyari da hannu guda, ɗayan na sauka kan goshinta in ya canja giya. Da suka wuce gonakin ƙarshe ciwon ya taso mata, ta kama gefen rigarsa, ta buɗe baki. Kukan da ta riƙe tun shekaranjiya ya fito gaba ɗaya, ya cika motar.

Delu ba ta ce ta yi shiru ba. Hawaye kawai ke bin fuskarta, tana kallon gero.

"Yi," in ji Labo. "Yi, ina nan."

Yayyafi ya fara dukan gilashi. Ya sha kwana, hanya ta gangara, sai ya taka birki.

Kwarin da suka ratsa ɗazu ba shi ba ne. An yi ruwa can arewa, ya sauko. Ja wur, yana tafe da karan dawa da reshen ƙaya, ya shafe sawun motar da ya bari. Can tsallake ana hango gudro, wata mota na wucewa a kai kamar ba komai.

Illo ya buga rufin mota daga baya.

"Labo, kar ka shiga. Mu jira shi janye."

Labo na kallon ruwan, yana auna shi da gindin wata bagaruwa da ke tsakiya. Mota babu lodi, ba ta da nauyi. In ruwa ya kai injin, sun zauna. In ya fi haka, ya san sauran.

Tsahara ta yi wani irin nishi, jikinta ya sandare, ya saki.

Delu ta ɗaga bakin zanen ta duba. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, sai ta juyo gaba ɗaya ta dube shi ido cikin ido.

"Hannu ya hito."

Bai gane ba da farko.

"Hannun wa?"

"Na ɗan. Hannu ɗai, ba kai."

Ruwan sama ya ƙaru, Illo na ta bugun rufi.

"Da rai?"

Delu ta mayar da hannunta ƙarƙashin zanen.

"Ya kama min yatsa."

Labo ya sa giya ta ɗaya, ya saki birki.